Dalma a Bakin Buroshi

Geneva,
9 ga Maris, 1931.

Zuwa ga Kawu Aurèle,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali, a can Montevideo. Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, Ya ƙara nisan kwana. Mu nan sanyi ya fara ja da baya. Na karɓi shaidar kammala karatun ilimin sinadarai, amma aiki tukuna, ina dai taya Mama a shago.

Kawu, maganar Mama ce ta sa na rubuto, kuma abin da na gani kawai zan faɗa, ba ƙari. Wasu mutanen Lyon sun kawo mata gyaran wata tsohuwar battar tabar shaƙa ta zinariya, aikin nan Geneva tun zamanin kakanninku. A murfin akwai zanen gasasshen gilashi na tatsuniyar Girkawa, saurayin nan mai fukafukan kakin zuma yana faɗowa cikin teku. Zanen ya ɓantare daidai fuskarsa, fuskar da ba ta fi ƙwayar alkama ba. Mama ta ce launin zamani ba zai saje da na da ba, sai ta sauko da kwalaben garin launi na marigayi Kaka. Na auna farin da rawayan sau biyu a ɗakin gwajin makarantarmu, don kada in yi kuskure. Dalma ce fal a ciki. Ka kuma san yadda ake aiki a gidanmu: kafin kowane ɗigo, sai an sa buroshi a leɓe an fitar masa da tsini.

Da ciwon ciki abin ya fara. Yanzu wani shuɗin layi ya fito mata a dasashi. Likita ya ce gubar ta daɗe tana taruwa, kuma in ba ta daina ba hannu ne zai fara mutuwa, ƙoda ta biyo. Da na maimaita mata, sai ta yi dariya, wai ni Malama Kwalba na yi digiri, yau ni zan koya wa uwata yadda ake riƙe buroshi. Ta ce ubanta kullum sai ya sha kofin madara da safe, madara ke wanke komai. Na ce mata ai Kaka bai kai sittin ba, kuma a ƙarshe a baki ake ba shi miya. Ta ce in matsa can, surutuna yana tayar mata da ƙura a kan murfin.

Ranar Litinin da ta wuce wuyan hannunta na dama ya saki, buroshin ya faɗi ƙasa. Ta sa na ɗaure mata shi a yatsu da zare, ta ce tunda na iya, in fitar da tsinin. Na yi da jiƙaƙƙen ƙyalle, a hankali. Ta duba da gilashin ƙara girma, ta ce ita buroshi ta nema, ba tsintsiya ba. Hannun ya ƙi ɗaguwa zuwa bakinta, sai ta sunkuyar da kai har tebur ta kama shi da leɓe. Ina tsaye ina kallo, Kawu.

Na ɓoye kwalaben sau ɗaya. Ta ƙi cin abinci har sai da na dawo da su. Kai ne yayanta, kai kaɗai take jin nauyi. Na aiko wannan ta jirgin sama. Don Allah kada ka tsaya rubuta wasiƙa, ka bugo mata wayar tangaraho. Ta yi mini alkawari da zarar ta gama idon saurayin za ta huta, ni ma har na fara yarda. Jiya na tarar ta karɓi wata battar.

Ka gaishe mini da Inna Clarisse, da Bastien, da ƙaramar Ondine. Ku sa mu a addu'a.

Ni ce 'yar ƙanwarka,
Noémie.