Bizar Yawon Buɗe Ido Zuwa Zauren Mahaifiyarsa

Assalamu alaikum Anti Shamsiyya,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare. Akwai maganar da nake ta juyawa a raina, na rasa wanda zan faɗa wa ba tare da ya ce na fara taɓuwa ba. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, ni ba ma'abociyar rubutu ba ce.

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan mahaifiyarmu, ni da yayana Bukar. Kakanninmu daga Borno suka zo, amma a Koki aka haifi babanmu, a nan muka tashi. Shekara talatin da uku ke nan da Bukar ya tafi karatu ƙasar waje. Ya zo gida sau biyu da fari, daga nan sai wasiƙa, daga wasiƙa sai waya daga sallah sai sallah. Ya yi aure a can, ya zama ɗan ƙasa, kuma ƙasar ba ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu, sai ya ajiye namu. Babanmu ya rasu bai zo ba. Iya ta rasu shekara huɗu da suka wuce, nan ma bai zo ba, ya ce takardu ne suka hana. Allah Ya sani na ƙullace shi.

Watan jiya sai ga wayarsa, wai zai zo. Ya ce ya ga wani kamfani yana sayar da biza haɗe da katin shiga wuraren kallo na cikin birni, biya ɗaya: kwana bakwai, da otal, da mota, da mai yi wa baƙi jagora. Ya ce in je in duba masa ko mutanen kirki ne, kuma ko abin ya cancanci kuɗinsa. Dariyar takaici ce ta kama ni. Mutumin da aka yanke cibiyarsa a bayan kasuwar Kurmi zai biya a nuna masa Kurmi! Amma na gane inda ya dosa. Kunya ce ke cin sa. So yake ya sauka a otal, yana da takardar inda za shi kowace rana, in idon dangi ya yi masa nauyi ya ce mota na jira. Na ce a raina, da babu gara ba daɗi.

Na je ofishinsu, suka ce in ina so in bi ayarin ranar Asabar in gane wa idona. Na bi. Turawa huɗu ne da mutum biyu daga Legas, sai jagoranmu, wani magidanci mai zaƙin baki, Malam Auwalu, wanda ba ɗan cikin gari ba ne. Da safe muka hau Dala, muka je marina, muka ratsa Kurmi. Ba laifi, yana da haƙuri da mutane. Da rana ta take, kafin kiran azahar, ya ce saura wuri ɗaya, wanda a takarda aka rubuta shi da tsohon gidan attajiri kawai. Muka bar mota a titi muka shiga lungu da ƙafa. Kin san lungun cikin gari a wannan lokacin, ba yaro ba babba, har awaki sun laɓe a gindin katanga. Duk kwanar da za mu sha, ƙafata ta riga Malam Auwalu sanin ta. A ƙofar gidanmu ya tsaya.

Rabona da gidan tun sadakar arba'in ɗin Iya. A Shahuci nake aure, ba nisa, amma ko hanya ta biyo da ni sai in zagaye. Ba a raba gado ba saboda Bukar ba ya nan. Makullin zaure yana hannun Baba Ilu, ɗan'uwan babanmu da ke maƙwabtaka da gidan. Na ƙofar cikin gida kuwa yana ƙasan akwatina. Baba Ilu ya fito yana dogara sanda ya buɗe mana. Idonsa ya yi rauni, ni kuma na ja mayafi na rufe fuska, bai gane ni ba.

Malam Auwalu ya tsayar da mu a bakin ƙofa ya nuna wa baƙi rufin zauren, ɗaurin guga irin na ginin da. Sannan ya sassauta murya ya ba su labarin wata tsohuwa da ɗanta ya tafi ƙasar waje. Ya ce tun ranar da ya fita ba ta ƙara yin shara ta nufi waje ba. Daga dokin ƙofa take farawa, tana ja da baya, tana tattaro sharar zuwa ciki, wai kada ta share sawunsa daga gidan. Anti, wannan gaskiya ne. Haka Iya ta yi har ta kwanta ciwo. Mun tsokane ta, malaman da ke karatu da babanmu sun ce canfi ne, ita dai ta ce shara take yi, kowa da yadda hannunsa ya saba. Sai Malam Auwalu ya ce tsohuwar ta rasu, amma shara ba ta tsaya ba. Ya ce kowa ya dubi ƙasa.

Rairayi ne shimfiɗe a zauren, kuma a share yake tas, sharar ranar. Zanen tsintsiyar gajeru ne, sun karkata gefe ɗaya, don Iya da hagu take shara tun da kafaɗarta ta dama ta samu matsala. Babu sawun kowa a kai. Na bi zanen da ido, yana ta ja da baya, har ya ƙare a gindin ƙofar cikin gida, ƙarƙashin kwaɗon da makullinsa ke akwatina. Kwaɗon ya yi tsatsa. Ga kuma ƙamshin turaren wutarta, haɗin kajijin da ni kaɗai ta koya wa. Wata Baturiya ta yi ta ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikin mutanen Legas ya tambayi inda ɗan yake yanzu, Malam Auwalu ya ɗaga kafaɗa ya ce irin waɗannan ai ba sa dawowa.

Washegari na koma wajen Baba Ilu da fuskata a buɗe. Kunya ta kama shi, ya ce ɗan na goro 'yan kamfanin suke ba shi, kuma shi ya taɓa ba jagoran labarin Iya cikin hira. Na tambaye shi wa yake sharar. Ya rantse da Allah gwiwarsa ba ta barin sa ya sunkuya, kuma makulli bai taɓa kwana a hannun wani ba. Ya ce shi duk shekarun nan ya ɗauka ni ce nake shigowa ta wata hanya in share in tafi, shi ya sa bai taɓa tambaya ba.

Saura guda, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Bukar ya kira yana tambayar abin da na gano, na yi ta hanya-hanya. Sai ya ce bari ya gaya mini abin da ya taso shi. Wata uku ke nan, da tsakar rana, ko yana ofis ko yana kan hanya, sai ya ji muryar mace ta kira sunansa sau ɗaya, tsaf yadda muke faɗa a gida, ba yadda mutanen can suke murɗe shi ba. Likita ya duba bai ga komai ba. Ya ce ya san muryar, amma ya kasa tuna ta wace ce. Anti, Bukar ɗan fari ne. Iya ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce wancan, ko mai tafiya. Ta yaya zai gane, alhali bai taɓa jin sunan a bakinta ba? Ni na ji, sau ɗaya tak. Ranar da za ta cika, daf da azahar, ta buɗe ido ta dubi ƙofa ta kira shi da ƙarfi. Ban taɓa gaya masa ba. Gani na yi bai cancanta ba.

To yanzu ya zan yi? In na ce ya saya, bisa takardarsu rana ta huɗu za a shigo da shi zauren nan cikin baƙi, ya tsaya wani ya ba da labarinsa, ga shi da hawan jini. In na gaya masa gaskiya, na san yayana, in kunya ta kama shi ba ya tsayawa, fasawa zai yi. In na ce kamfanin na bogi ne na yi ƙarya, kuma ba na jin zai nemi wata hanyar. Shekararsa hamsin da tara. Tsoro nake kada mu ƙare ban sake ganin sa ba, kuma ba ni da wani ɗan'uwan sai shi.

Taki,
Ƙanwar matafiyi, Shahuci

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa,

Ba ki taɓu ba. Zauna ki sha ruwa, mu fara da mai sauƙin.

Irin wannan haɗin na biza da katin kallo yana da amfani ga baƙo na gaskiya, wanda bai san kowa ba, yana son ganin wurare da yawa cikin 'yan kwanaki. Amma kamfani ba ya ba da biza, hukuma ce take bayarwa. Don haka yayanki ya tuntuɓi ofishin jakadancinmu na can ya ji ko sun san da wannan hanyar, ya kuma tambaya ko akwai wata mafi sauƙi ga wanda aka haifa a nan. Ya nemi a rubuta masa abin da za a mayar masa in bizar ba ta fito ba, da kuma ko yana iya barin ayari ya yi harkarsa. Ga ɗan Koki, rabin katin asara ne, wannan ba sai an faɗa ba. Sai dai ke da kanki kin gane ba Dala yake saye ba, abin dogarawa yake nema. In ta nan ne kaɗai ƙafarsa za ta iya takowa, ki bar shi ya saya. Kada kuma ki yi wa kamfanin ƙazafi.

Batun shara. Wanda ya rasu ya koma ga Ubangijinsa, ba ya dawowa ya ɗauki tsintsiya. Masu cin abinci da tsorata baƙi sun iya gyara rairayi, kuma tsoho in hira ta yi daɗi yakan faɗi fiye da abin da zai tuna, har da zancen hannun hagu. Nan hankalina ya fi karkata. Amma ba zan yi miki ƙaryar na san komai ba. Turaren da muryar, na bar wa Allah saninsu. Ko ma mene ne, maganin ɗaya ne. Ki ciro makullin nan daga akwati, ki tara mata biyu-uku na dangi, ku buɗe cikin gidan da rana, iska ta shiga, a karanta Alƙur'ani, a yi wa Iya sadaka. Ki karɓi makullin zaure daga hannun Baba Ilu cikin ladabi, ba tare da kin tozarta shi ba. Ki koma ofishin nan ki ce su cire gidanku daga takardarsu tun yau. Mahaifiyarku ba abin kallo ba ce.

Yanzu ki ba ni kunnenki, don zan ɗan ja shi. Kina tuhumar mutumin da teku ta raba da gida, ke kuwa daga Shahuci zuwa Koki ko ɗan sahu ba kya buƙata, amma shekara huɗu kina zagaye lungun. Jirgi ɗaya ne ya ɗauko ku. Shi kunya, ke baƙin ciki, gida kuma ya zauna a rufe har baƙi suka fi ku sanin hanyarsa.

Kiran da Iya ta yi ba naki ba ne, amana ce aka bari a hannunki, kuma kin riƙe ta ya isa. Na fahimci tsoronki, amma kin haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Labarin jagora tonon silili ne, wannan ya jira sai ya zo ya zauna ya ci tuwon gida, in ma akwai buƙatar faɗa. Na sunan kuwa babu zargi a cikinsa. Mace ta riƙe kunyar ɗan fari shekara hamsin da biyar, ta sake ta a numfashinta na ƙarshe saboda shi. Mutum yana gudun wanda zai ce masa ka yi laifi. Da wuya ya guji wanda zai ce masa an neme ka.

Ba zan yi miki alkawarin zai zo ba, zuciya a hannun Allah take. Amma in ya zo bai sani ba, baƙo zai sauka, kwana bakwai su cika baƙo ya koma. Ki gaya masa kafin ya biya, ya zaɓi da wace fuskar zai shigo garin. In kuka ya zo muku a waya, kada ki kashe, ku yi shi tare, tun shekara huɗu ya kamata ku yi shi. Ki kira shi yau, kada ki ce sai gobe. Ku biyu kuka rage, kuma babu yaro a cikinku.

Allah Ya jiƙan Iya da Baba, Ya kai haske kabarinsu. Ya kawo Bukar lafiya, Ya sa ke ce za ki tarbe shi a bakin ƙofa.

Anti Shamsiyya