Wuƙar Jaririya

Daga Shekara a Matamaye zuwa ga yayana Inusa a Damagaram. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, Yaya, ba lafiya ba. Jiya da hantsi gardi uku, dogaran Nasara, suka zo kama maigidana, wai bai fita aikin hanyar Nasara ba. Ina zai fita, kwanana huɗu da haihuwa? Babbansu ya ce sai sun duba gida, kada wani ya fito musu da makami. Suka zazzage rumbu, suka leƙa randa, har akurkin kaji bai tsira ba. Sai ɗaya ya ɗaga zanen da jaririya ke kwance a kai, ya zaro wuƙar da muke sa wa jarirai saboda iskoki. Shi ma fa uwarsa ta sa masa, amma ya ɗaga ta sama kamar ya kamo damisa! An taho da maigidan wajenku a ɗaure. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Don Allah ka nemi tafinta. Wassalam.

Daga Inusa zuwa ga ƙanwata Shekara. Gaisuwa da barka da arziki.

Na ga tafinta, na ga maigidanki Illa. Ƙin aiki kwana goma sha biyar ne. Ɓoye makami kuwa shekara guda, can arewa wurin fasa dutse. Tafinta ya bayyana wa kumandan, Nasaran da ke mulki, al'adarmu, amma Illa ya riga ya ce shi ya ɓoye wuƙar. Ya faɗi haka ne don kada a kira ki bariki da ɗanyen jego. In wadda ta sa ta ba ta zo ta faɗa da bakinta ba kafin Alhamis, za a wuce da shi. Ya roƙe ni kada ki ji. Ki zauna ki ci gaba da wankanki, ina neman wata hanya. Ki gaishe da Inna. Wassalam.

Yaya Inusa, gaisuwa.

Babu wata hanya, kai ma ka sani, shi ya sa ka gaya mini. Inna ta ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, ta zauna a bakin zaure tana kuka. Ni ma ina jin tsoro, wallahi. Amma na ari jakin Sallau maƙwabcinmu, gobe da asuba zan taso da jaririya a baya. Ka ce wa maigidan ya yi fushinsa, na ji. Ka tare ni a ƙofar gari.

Ƙanwarka, Shekara.