Na Hana Modu Jarumin da Hannunsa Ya Iya

Assalamu alaikum Admin, barka da ƙoƙari, kai da masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana. Kafin wani ya ce "a kan gem ne ƙato yake kuka?", ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ba zagi na zo nema ba, wanda zuciyata take yi min ya ishe ni.

Ni ɗan Potiskum ne, a Yerimaram nake, keke nake ja zuwa kasuwa. A layinmu akwai shagon gem, wato wasan bidiyo, na wani mutumin Jos da muke kira Oga Bulus. Tun ina sakandare nake buga gem ɗin faɗa a can, irin wanda kowa zai zaɓi jaruminsa a gwabza. Ba cika baki ba, an yi shekaru babu mai kai ni ƙasa. Shi ya sa duk gardamar da ta tashi ni ake nema, har Alƙali suke ce min.

Gardamar da ta fi yawa ita ce ta jaruman da suka yi kama da juna, don masu yin gem 'yan ƙiwa ne, sai su ɗauki jarumi ɗaya su fitar da uku daga jikinsa. Mu a shagon kashi uku muka raba su. Akwai "canjin riga", mutum ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Akwai "tagwaye", dukansu iri ɗaya, sai dai wannan ya ɗan fi sauri, wancan ya ɗan fi nauyin hannu. Sai "'yan gida ɗaya", kaya iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya, amma da an fara faɗa kowa da halinsa. Dokarmu ita ce, in aka hana wani jarumi a gasa don ƙarfinsa ya wuce misali, hanin ya hau kan canjin rigarsa da tagwayensa, amma bai shafi ɗan gidansu ba.

To ina da aboki, zan kira shi Modu. Tare muka tashi, tuwon mahaifiyarsa Ya Falmata ban san adadin wanda na ci ba. Injin niƙa ya cinye masa babban yatsa da manuni na hannun dama. Daga nan ya kulle kansa a ɗaki, ko masallaci zai je hannun yana aljihu. Ni na lallaba shi na kai shi shagon. Jarumai da yawa sun gagare shi, sai ya dace da wani da muke kira Kofur, wanda dukansa ba ya son danne-danne da yawa, haƙuri yake so da sanin lokaci. Modu ya zauna a kansa wata da watanni. Wallahi na ga dariyarsa ta dawo, har hannun yake ɗagawa in ya ci.

Sai ya fara cinye ni. Na farko na ce sa'a ce. Da abin ya yi yawa aka fara tsokanata: "Alƙali, mai yatsu uku ya zaunar da kai!" Ina dariya, amma a baki kawai. Wane irin mutum ne yake baƙin ciki da abokinsa nakasasshe? Ni ne.

Da gasar Sallah ta matso, aka hana wani jarumi da muke kira Janar. Kakinsu ɗaya da Kofur, tsayuwarsu ɗaya. Wani ya tambaya, "To Kofur fa, a ina yake?" Kowa ya juyo yana kallona. Na san amsar kamar yunwar cikina: 'yan gida ɗaya ne, ko kusa Kofur bai kama ƙafar Janar ba. Na buɗe baki na ce tagwaye ne.

Oga Bulus ya ce, "Alƙali, ka tabbata? Ni ina gani kaman ba ɗaya ba ne fa." Na rufe shi da surutu, na nuna musu salon duka guda biyu da suka yi kama, na ɓoye sauran. Modu ya dube ni ya ce, "In kai ka faɗa, haka ne." Ko musu bai yi ba. Da ma ya yi!

Ya shiga gasar da wani jarumin. Abin dannawar yana zame masa, yana kai dungulmin yatsa inda ba ya kaiwa, aka yi masa dukan kawo wuƙa a gaban cikakken shago. Wani ya yi dariya, saura suka ɗauka. Ya ajiye, ya mayar da hannun aljihu, ya fita. Ni na ci gasar, kuma har yau ban ji daɗin ta ko na ƙwayar zarra ba.

Modu bai sake taka shagon ba. Ya koma ɗaki, kuma yanzu ƙwaya yake sha, ya rame kamar ba shi ba. Kwanaki Ya Falmata ta tare kekena a bakin titi, ta riƙe ƙarfen tana hawaye. "Ɗana, kai kaɗai yake buɗe wa ƙofa. Kai ka fito da shi wancan karon, ka taimake ni ka sake." Na ce to, Ya, in sha Allahu. Kunya ta kusa kashe ni.

Da na je, abin da ya faɗa min shi ya hana ni sukuni. Ya ce, "Ba dariyarsu ce ta dame ni ba. Na ɗauka hannun nan ya iya wani abu a duniya. Ashe jarumin ne mai ƙarfi, ko akuya aka ba za ta ci. Na gode da ka faɗa min gaskiya."

Na ce, "Modu, kuskure na yi, Kofur ba tagwayen Janar ba ne. Iyawarka ce." Ya yi murmushi ya ce, "Kar ka lallashe ni kamar yaro. Kai ba ka kuskure a wannan."

Kun ga inda na maƙale. Ba zai yarda kuskure ne ba, don ya san ni. Hanya ɗaya ta rage da zai gaskata cewa shi ya ci ni da hannunsa: in dube shi in ce da gangan na yi, hassada ce. In na faɗa, wataƙila ya tashi, wataƙila kuma ya rufe ƙofar da ni kaɗai yake buɗe wa, ya rage daga shi sai ƙwaya. In na yi shiru, ina kallo yana ƙarewa a kan ƙaryata, yana kuma yi min godiya.

Jama'a, don Allah, me zan yi?