Shekarun da Na Yi a Bahar Maliya Ma Aiki Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ɗaukar Ma'aikata na cibiyar binciken lafiya da ke Ma'adi, Alƙahira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe. Sunana Rakiya, Bakatsiniya ce mazauniyar Abbasiya. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda ofishinka bai amsa ƙorafina ba. Batutuwa uku zan kawo.

Na farko. Kafin hargitsin da aka yi a ƙasar nan a 2011, bincike nake yi a Bahar Maliya kan dolfin, dabbar ruwan nan mai shayarwa. Ina wuni a kwalekwale ina lura da yadda uwa ke koya wa ɗanta farauta, da yadda garke ke sauya hali idan jiragen 'yan yawon buɗe ido sun takura masa. Da tallafi ya yanke, na dawo Alƙahira na karanci yadda ɗabi'un mutane ke shafar lafiyarsu.

Na biyu. Cibiyarku ta ɗauke ni aikin wucin gadi tare da matan Hausawan Sudan masu hawan jini a unguwar Hayyus Sabi. Ana cewa taurin kai ke hana su shan magani. Na zauna kusa da Hajja Asabe mai shayi a bakin titi, har na gane tana tsallake ƙwayarta ne don tana sa ta yawan fitsari, ga shi babu banɗaki kusa. Likita ya sauya mata magani, jininta ya sauka. Teku ce ta koya mini irin wannan zama da lura.

Na uku ya fi yi mini ciwo. A ganawar neman aikin dindindin, wani ɗan kwamiti ya kira ni likitar kifi, aka yi dariya, kai ma ka murmusa. Daga baya aka ce shekaruna na teku ba sa cikin ƙwarewa, don haka ban cancanta ba.

Kwantiragina na dab da ƙarewa, iƙamata kuma, wato takardar izinin zamana, a kansa take. Idan na tafi, matan nan za su koma hannun waɗanda ba sa jin Hausa, su kuwa kunya ba za ta bar su su faɗi irin wannan matsala ta bakin tafinta ba.

Roƙona, a sake duba takarduna da shekarun duka. Idan kuma an tsaya a kan hukuncin, a samo mai jin harshensu kafin na tafi, zan zaga da ita gida-gida.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Rakiya Lawal,
Abbasiya, Alƙahira