Dankalin da Ya Riga Wardi Fitowa

Leota, hasken idona, ruwan farkon damina, wardin gidan Birdsall da ta fi kowace yawan ƙaya,

An ɗaga aurenmu. Jiya gwaggonki Minerva ta je wurin fasto ta ce a cire sunanmu daga ranar Asabar, yayanki kuma ya maido mini zoben da na ba ki har ofishin jarida a ƙulle cikin hankici. Dalili ɗaya ne: reshen wardin da kika soka cikin dankali kika ba ni in dasa, kamar yadda kowace amarya a gidanku ke ba angonta, bai yi toho ba. Dankalin ne ya tsiro.

Haba, Leota! Ni za a auna da tukunyar ƙasa? Ban manta ranar da gwagganninki suka zo duba shukar ba. Minerva ta leƙa tukunyar ta ce, "Kai ɗan jarida, fure muka ba ka, miya za ka yi mana?" Gwaggo Hester ta ce, "Ki bar shi, Yaya, ko ba komai 'yarmu ba za ta kwana da yunwa ba." Suka kwashe da dariya har da dafa juna. Dariyarsu ba ta dame ni ba. Abin da ya ƙona mini rai ke ce, kina tsaye a bayansu kina kallon takalminki, bakin nan naki da ya fi zuma bai furta ko kalma ɗaya ba.

Kin tuna ranar da muka zauna a bakin kogin Santiam, yatsunki duk sun yi ja da 'ya'yan itacen da muka tsinka, iska tana wasa da gashinki kamar yadda take yi da gonar alkama? A nan kika ba ni labarin kakarki Keziah. Ta baro jihar Missouri a shekarar 1852. Kwalara ta kashe mijinta a bakin kogin Platte, ta binne shi a tsakiyar hanya don kekunan shanu su bi ta kai, kada kyarkeci ya tone shi. Ta karɓi bulala ta kora shanun da kanta, da 'ya'ya huɗu. A hawan duwatsu ta jefar da murhun ƙarfe, ta jefar da akwatin kayan aurenta, amma ba ta jefar da reshen wardin ƙofar gidan mahaifiyarta ba. Yana soke cikin dankali, tana jiƙa shi daga nata rabon ruwan sha.

Da ta iso nan Oregon ta dasa shi, me ya fara fitowa? Faɗa mini, ya sanyin zuciyata, ai daga bakinki na ji! Dankali ne. Ba ta tsine masa ba. Ta ajiye shi iri, ta sake shukawa, shi ya riƙe yaran a shekarar da alkama ta ƙi. Cikinsu har da Minerva da Hester, waɗannan da ke dariya yau. Wardin sai daga baya ya buɗe. Kuma da Keziah ta ga maƙerin da ya kwanta mata a rai, aurensa ta yi, ba ta nemi izinin wani ganye ba. Wannan al'ada 'ya'yanta ne suka ƙirƙiro ta bayan ta rasu, suka rataya mata.

Macen da ta ƙetare rabin ƙasar nan da bulala a hannu, jikarta ta kasa ƙetare falon gwaggonta? Wallahi ina fushi da ke, kuma fushin bai rage komai daga son da nake miki ba. Ke ce farin dutsen da nake gani daga tagata ko da hazo ya rufe shi. Ba zan roƙi Minerva ba. Ba zan sayo wani wardi daga kasuwa in soka a tukunyar ba, ko da yake Hester ta raɗa mini cewa mijinta haka ya yi. Ke nake roƙo: ki zo da ƙafarki ki karɓi zobenki, alhali tukunyar tana cike da ganyen dankali. In sai reshe ya ba ki izini za ki zo, to reshen kika zaɓa, ba ni ba.

Naki, ko ya yi fure ko ya bushe, har a binne ni a ƙasar nan,

Ansel Purdy

Ƙari: da safiyar nan na ga wani ɗan jan kumburi a jikin reshen, ƙasa da ƙaya ta biyu. Ina son amsarki ta riga amsar mai lambun garinmu zuwa. Ya duba, ya ce ko toho ne ko ciwo, ba zai iya faɗa ba sai ranar Juma'a.