Kan da Inna Ta Sani

Litinin, 1 ga Satumba

Inna ta sake ture kwano, yau har ƙasa. Ta ce ba ta cin abincin mai aiki, a kira mata Zinariya. Zinariya kuwa Yaya ce, wadda ke can ƙasar da sai an hau jirgi, tana jinyar tsofaffin wasu. Shekara da shekaru ba ta tako gidan nan ba, sai waya da "ya jikin Inna". Ni da na rufe rumfar takalmana da rana tsaka, na baro mata biyu suna gwada ƙafa, ni ce mai aiki. Tunda hankalinta ya fara tafiya sunana ya riga komai fita. Na tsince shinkafa ɗaya-ɗaya daga kan leda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Alhamis, 4 ga Satumba

Likita ya ɗora ta a sikeli, ya dube ni kamar ni ce nake cinye mata rabo. Ya ce in ba ta ci ba maganin ba zai zauna ba, in kuma aka ci gaba a haka sai kwanciya da ƙarin ruwa. Na ce masa ya zo ya gwada ba ta da hannunsa. Ya yi murmushin 'yan boko.

Asabar, 6 ga Satumba

Na sunkuya ina sa wa wata yarinya takalmi, ɗankwalina ya zame. Ta ce, "Sannu Kaka." Kaka! Na ƙara mata farashi nan take, ta biya tana godiya. Maƙwabciyata mai kayan kwalliya ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta miƙo mini ƙullin lalle, wai in rufa wa kaina asiri. Ni ban taɓa sa lalle a gashi ba. Wannan aikin Yaya ne tun muna 'yan mata. Inna da kanta take kwaɓa mata, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ni kuma a aike ni ɗebo ruwan wankewa. Nawa gashin, in ji Inna, ko wuta ba ta kama shi.

Lahadi, 7 ga Satumba

Bari in rubuta yadda ya faru kafin in fara yi wa kaina kwaskwarima.

Na sa lallen da safe, na wanke da azahar, furfurar duk ta koma ja. Na fito daga banɗaki ba ɗankwali, na bi ta ƙofar ɗakin Inna. Sai na ji ta ce, "Zinariya? Yaushe kika zo?" Da wata murya da rabon da in ji ta har na manta tana da ita.

Na buɗe baki zan ce ni ce. Sai na tuna tukunya na kan wuta. A kasuwa in mai saye ya kira takalmin roba fata, ba na gardama da shi. Na ce, "Yanzun nan, Inna."

Ta cinye kwano guda. Ta sha magani ba tofarwa. Tana ci, hannunta ɗaya na cikin gashina, tana murzawa tana kai wa hanci. Na je kicin na tsaya gaban famfo ban san me na je yi ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Tana ci. Har ƙwai ta nema. Matar ƙanena, wadda ke zama da ita in na tafi kasuwa, ta ce ikon Allah. Na ce ikon lalle dai, Allah ya yafe mini.

Talata, 16 ga Satumba

Yau hira ta yi da Zinariya, kuma a kaina aka yi ta. Wai ina ƙanwarki mai bakin nan, ko leƙe ba ta yi mata, kasuwa ta cinye ta. Ina riƙe da cokali a bakinta tana faɗin haka. Na ce ai kin san halinta, Inna. Ta ce a ƙyale ta, wannan ko a cikin kuraye aka ajiye ta sai ta dawo da riba, ke ce abin tausayi.

Ban sani ba ko yabo ne. In ma yabo ne, irin wanda ake yi wa jaki ne.

Juma'a, 19 ga Satumba

Jan ya fara guduwa. Zufar kasuwa, ga rana da ke dukan rumfa tun hantsi, ga sabulun da nake dirza kai da shi kamar ina wanke tukunya. Ya koma kalar tsohon zakara, saiwar kuma fara fat a tsaga. Inna ta daɗe tana kallona da yamma. Ta ci rabi, ta ce ya isa.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ta ce wa ya ba ni izinin shiga ɗakinta. Ta ɓoye carbinta ƙarƙashin filo, idonta a kaina. Ko ruwa ba ta karɓa ba. Magani kuwa ta tofar da shi a bango.

Na sake sa lalle da gaggawa, a kan man da na shafa da safe, na wanke bayan ɗan lokaci saboda tana kira. Bai kama ba. Sai kunnuwana da farcena suka yi ja, gashin na nan yana mini dariya.

Litinin, 22 ga Satumba

Na tare mai kayan kwalliya tun ba ta gama jera kaya ba. Ban gaya mata dalili ba, na bar ta da zaton wani nake yi wa. Sai fari take da ido tana tambaya ko mai kawo mini kaya ne. Na ce ta bar kaza cikin gashinta.

Ta ce duk abin da na yi jiya shirme ne. Lalle ba ya shiri da mai, sai an wanke kai tas, ya bushe, sannan. Kwaɓin ma ba a yinsa a sa nan take. Da ruwan ganyen shayi mai kauri ake yi, a ɗan ɗiga lemun tsami, a rufe a bar shi ya kwana har samansa ya yi duhu. In an shafa a naɗe da leda kada ya bushe, a haƙura da shi wuni. A wanke da ruwan sanyi zalla, ba sabulu sai bayan 'yan kwanaki, don a lokacin ne yake nuna. Daga baya ne ake bi da mai. Rana kuma abokiyar gaba ce, in ninka ɗankwali. Ta ƙare da cewa kwalliya ba ta son mai gaggawa. Na ce ni kwalliyar tawa da yunwa take tsere.

Laraba, 24 ga Satumba

Wuni guda da leda a kai kamar ragowar miya. Ban je kasuwa ba. Inna ta ƙi ni, ta ƙi matar ƙanena, shayi kaɗai ta kurɓa. Sau biyu na kai hannu zan cire ledar. Na daure.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ya kama, ja mai duhu kamar na Yaya sak. Inna ta ce, "Ina kika shiga? Matar nan ta so ta kashe ni da yunwa." Na ce na kore ta.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Yanzu kaina ya zama kaya mai tsada. Ba na bari rana ta gan shi, ɗankwali biyu nake ɗaurawa ina zufa kamar tulu. Ruwan sanyi nake zuba masa ina karkarwa. Kowane ƙarshen mako ina bin tsaga da ɗan kwaɓi a bakin tsinke, kafin farin ya leƙo. Na kuma gane ba kalar kaɗai take bi ba, har da ƙanshin, shi ya sa nake ajiye ɗan gari a gwangwani ina shafawa a bayan kunne kafin in shiga da abinci. Mijina marigayi bai taɓa samun rabin wannan hidimar ba, Allah ya ji ƙansa.

Lemun ya yi yawa a kwaɓin ƙarshe, gashin ya bushe yana karyewa a mataji. Zan rage.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sikeli ya hau. Likita ya tambaye ni me muka canza. Na ce mai dafawa.

Yaya ta kira da yamma, wai ta samu hutu, tana tafe. Ta ce ta ji Inna na cin abinci, ta gode mini. Ta gode mini! Kamar na riƙe mata kaya a rumfa. Ban gaya mata komai ba. Ta zo ta karɓi sunanta, ni in koma tsince shinkafa.

Talata, 14 ga Oktoba

Ta iso. A bakin ƙofa na kusa tambayarta wa take nema. Ta rame, kuma da ta cire mayafi sai ga kai fari sol, an rage shi gajere kamar na namiji. Ta ce can ba a samun lokacin lalle, daga wannan gado sai wancan.

Ta durƙusa gaban Inna ta kama hannunta. Inna ta zare hannun, ta leƙo ta bayanta ta ce mini, "Zinariya, wata sabuwa kuma kika ɗauko? Wannan ai ta tsufa da aiki."

Na daɗe ina jiran rana irin wannan, tun zamanin ɗebo ruwan wankewa. Na zaci zan ji daɗi. Na jira daɗin har la'asar, bai zo ba. Wataƙila gajiya ce.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ta iya aikin, wannan ba zan hana ta ba. Yadda ta juya Inna ta canza zanen gado ba tare da ta ɗaga ta ba, ni sai in yi rabin awa ina haki. Amma da ta kawo cokali Inna ta dantse baki, ta ce a gaya wa matar nan ta daina kallonta. Yaya ta miƙo mini kwanon. Ta tsaya a bakin ƙofa har aka gama, tana kallon hannun Inna a cikin gashina.

A kicin ta tambaye ni yaushe na fara lalle. Na ce tunda aka fara kirana Kaka. Ta ce ya yi mini kyau. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don na tanadi amsa tun tana cikin jirgi.

Daga baya na same ta tana wanke kwanon da na riga na wanke.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Hutun nata gajere ne, mako mai zuwa za ta koma. Likita ya ja ta gefe, ni ban tambayi abin da ya ce ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ita ma ta san ba lallai ne ta sake tarar da Inna ba.

Ba ruwana. Wa ya hana ta zuwa tun ana gane mutane?

Na kwaɓa lalle don bin tsaga. Hannuna ya zarce, garin ya zubo da yawa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Kwaɓin ya yi yawa, kuma ni ba na zubar da kaya, kowa ya san haka a kasuwa. Shi ke nan dalili. Ranar Juma'a na ce mata ta wanke kai kada ta sa mai, ta zauna a ƙasa. Ta zauna tsakanin ƙafafuna ba ta tambayi komai ba. Kan nata ɗan ƙarami, ga wuya duk jijiya. Na farko ya fito kalar karas, farin ya yi yawa, sai da na maimaita jiya. Ta ce ledar na mata ƙaiƙayi, ta kai hannu, na buge hannun. Na ce saura ta taɓa sabulu in gani.

Yau da safe na ɗaura ɗankwalina har gira. Mura nake ji tana son kama ni. Na shafa mata gari a bayan kunne, na ba ta kwanon, na bi ta a baya da magani.

Inna ta ɗago. Ta ce, "Zinariya." Saura ƙiris in amsa, bakina har ya buɗe. Yaya ta ce na'am, muryar ba ta fita sosai ba. Inna ta ja kanta ta sa hanci, ta ce me ya sa ta rage gashi, wa ya ba ta wannan shawarar banza. Ta ci. Suna ta maganar mutanen da suka mutu tun ina goye.

Can ta hango ni a jikin bango. Ta ce, "Ke mai aiki, tsayuwar me kike yi? Kawo wa 'yata ruwa."

Na kawo. Mai sanyi, a kofin gilashin baƙi. Shi ne ya fi kusa da hannuna.