Hannun Auta

Zuwa ga Anti ta ɗakin gashin ƙashi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya aiki? Ki yi mini afuwa da na rubuto miki alhali ban kai ba. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinku bayan an tashi makaranta, sai in kasa shiga. Shi ya sa na bar wannan wasiƙar a wurin maigadi.

Ni ce yayar yarinyar nan mai shekara shida da tafasasshen ruwa ya ƙona wa hannun dama, wadda muke kira Auta. Ke kika koya mini yadda zan shafa mata mai, in miƙar da gwiwar hannun in ƙirga ashirin, sau uku a rana, don kada tabon ya tsuke. Kika ba ni takarda mai gidaje, kika ce duk wanda na yi in sa alama.

Ranar Litinin kin auna hannun, kin duba takardar, kika ce wa likita an yi komai a gida amma tabon sai ƙara tsukewa yake. Likita ya ce to sai tiyata.

Anti, ba a yi komai ba. Kwana huɗu kawai na yi. Da na kama hannun sai ta ƙwalla ƙara, tana cewa, "Yaya, me na yi miki?" Sai na koma shafa man kaɗai, in cike gidajen kafin Mama ta dawo daga aiki. Sauran kwana ashirin da shidan duk ƙarya ne.

Idan an san gaskiya, za a iya fasa tiyatar? Don Allah ki gaya mini.

Taki cikin ladabi,
Yayar Auta

'Yata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, aiki da godiya.

Na ɗauko takardar na sake dubawa. Alamominki sun fi na kowa kyau, ko gida ɗaya ba ki tsallake ba. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin nan, ban taɓa ganin wanda ya yi da gaske bai tsallake ba. Ya kamata in tsaya in tambaye ki. Mutum tara na zaune a benci suna jirana, sai na karɓa na wuce. Kuma ni na ɗora wa 'yar shekara sha biyar aikin da iyaye ke gudu. Don haka laifin nan mu biyu ne, kada ki kwashe shi ke kaɗai.

Na sami likita. Ya yi faɗa, ni ya yi wa. Ya ba mu sati uku. Ba zan yi miki alkawari ba, fata ba ta jiran kowa.

Ki gaya wa Mama da bakinki. Ku zo Laraba in sake nuna miki. Auta za ta yi kuka, za ta zage ki. Ni yaran nan Anti Muguwa suke ce mini, har wani tsoho ya taɓa jifana da takalminsa, na ce madalla, kafaɗa ta fara aiki. Kada ki kalli fuskarta, ki kalli gwiwar hannun. Kada ki ce mata ba zafi, ta fi ki sani.

Ki gaida Mama.

Antinki

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Na gode da kika amsa mini, ban zata ba.

Na gaya wa Mama tana guga. Ba ta dake ni ba. Ta kashe dutsen guga ta shiga ɗaki ta rufe. Da duka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yau kwana sha biyu ina yi, na tsallake biyu ranar da Auta ta yi zazzaɓi, na bar gidajen babu komai. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga tana cewa, "Ke 'yar nan, kashe ta za ki yi?" Na ci gaba da ƙirge don kada ya ɓace mini.

Yanzu in ta ji ƙarar takalmina sai ta shige ƙarƙashin gado. Da tare muke cin abinci, yanzu jan kwanonta take yi ta koma bayan ƙofa. Amma jiya ta ɗauki kofi daga kan tebur da hannun, ba ta ma lura ba. Ina ganin ya ɗan buɗe. Ko idona ne?

Taki,
Yayar Auta

'Yata,

Ba idonki ba ne. Da na auna jiya ya buɗe, amma bai kai inda likita yake so ba. Na kasa faɗa miki a gaban yarinyar. Za a yi tiyatar ran sha huɗu ga wata. Abin da kika buɗe ya rage abin da za a yanka, wannan gaskiya ce, ba lallashi ba.

Bayan tiyata za a koma miƙarwa, wata shida ko fiye. Ni kuma an mayar da ni sashen manya daga wata mai zuwa. Wata ma'aikaciya za ta karɓe ku, tana da kirki.

Allah ya ba ta lafiya.

Antinki

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. An yi aikin, mun dawo gida.

Mama ta ce ita za ta karɓi miƙarwar, in huta haka. Sai Auta ta ce a'a, Yaya ce za ta yi. Har na ji daɗi. Mama ta tambaye ta dalili, ta ce, "Ita ai na riga na daina sonta. Ba na so in daina sonki."

Mama ta ce yarinta ce, za ta manta. Na ce to. Litinin zan fara.

Na san ba ke ce da mu ba yanzu, kuma aiki ya yi miki yawa. Amma babu wanda zan gaya wa irin wannan ya gane. Ko ba za ki amsa ba, kin yarda in sake rubuto miki?

Taki cikin ladabi,
Yayar Auta